Tsuntsayen Jajja Federesi

A ƙasa muka same ta, a zaune, ta jingina da ƙafar gado, kanta ya langaɓe a kafaɗa kamar wadda gyangyaɗi ya sace. A kan cinyarta, cikin zane, akwai 'yan tsirya bakwai da ta tattara wuri ɗaya. Sauran goma sha ɗaya suna kwance a ƙasan kejinsu, ƙafafu a sama. Babban kejin da ke gefen taga kuwa a buɗe yake. Babu Gonza, akun da ya shekara talatin da ɗaya a hannunta.

Ranar Lahadi ce, wajen ƙarfe uku na rana. Ɗanta Kityo ne ya yi kururuwa, ni kuma, Mukiibi, da yake ni ne shugaban ƙauyen Bukuzzi, ni aka fara aika wa. Kafin in hau tudun da gidanta yake, rabin tsibirinmu ya riga ni.

Jajja Federesi ungozoma ce; Jajja a harshenmu kaka ke nan. Ita ta yanke wa yawancinmu cibiya, har da ni. Tun da tafki ya cinye mijinta ta koma wa tsuntsaye. A ɗaki ɗaya take kwana da su. In ka shiga gaishe ta sai ka ɗaga murya saboda surutunsu, ka fito da dusar gero a ƙafa da farar ƙurar gashi a riga. Ta san kowanne da sunansa, ta san wanda ke da kishi da wanda ke da rowa. Mukan yi mata dariya a bayan ido, amma babu gidan da ba ya jin nauyinta.

Wata mace ce a cikin taron ta fara tambaya, "To ina akun?"

Sai wani daga baya ya ce, "Kambale."

Shi ke nan. Kambale baƙo ne, daga duwatsun kan iyakar Kongo ya zo mana shekara bakwai da suka wuce. Kowa ya san ya taɓa zaman kurkuku saboda kama aku da danƙo yana sayar wa masu fita da su waje. A nan hawan kwakwar manja yake yi, yana sayar da 'ya'yan. Ba shi da mata, ba shi da dangi, harshenmu ma a karkace yake a bakinsa. Ina cikin ɗakin ina rufe wa tsohuwa fuska na ji hayaniya ta gangara bakin ruwa. Da na isa sun riga sun fito da shi daga bukkarsa. Da filafilan kwalekwale suke dukansa.

Da ƙyar na ƙwace shi, na kulle shi a ɗakin da muke ajiye koma, na rataya makullin a wuya. Na kira 'yan sanda a babban tsibiri, suka ce tafki ya haukace, jirginsu ba zai taso ba sai gobe da rana. Ba zan ɓoye ba: da nake kulle ƙofar nan, ni ma na yarda shi ne. Ina so ne kawai a kashe shi ta hannun hukuma.

Wani masunci mai suna Lubwama, wanda bakinsa ya fi na kowa kaifi, ya nuna ni da yatsa.

"Shugaba, gobe in rana ta take ba su zo ba, ka ba mu makullin nan. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

* * *

Mzee Wasajja, dattijon da ya fi kowa sanin sawu, bai zo da kansa ba, sai da na je gonar rogonsa na roƙe shi. Shekara ashirin da shida ya yi yana bin sawun maharban ɓoye a gandun namun daji, can kan tudu, ƙetaren tafki, kafin gwiwa ta dawo da shi gida. Ba mai fara'a ba ne. Ya tsaya a ƙofar gidan mamaciyar ya dubi tsakar gidan da ƙafafu ɗari suka kirɓa.

"Makoki kuka zo ko sussuka?" ya ce. "Ku fice. Wanda ya zaga bayan gidan nan, na karya masa ƙafa."

Ya shiga ɗakin a hankali, yana dogara sanda. Bai fara duba gawar ba. Ƙasa ya duba. Ya durƙusa da ƙyar, ya kwantar da kunci kusa da daɓe, yana kallon dusar gero ta inda hasken ƙofa ke bugunta. Ya ɗaga mayafin da ya rufe teburin kejin, ya daɗe yana leƙen ƙarƙashi. Ya shafa bakin ƙofa ta ƙasa, ya ciro wani zare ja da ya maƙale a ƙusa, ya sa a aljihu. Sannan ya buɗe fuskar tsohuwar.

"Dubi leɓenta, Mukiibi."

Na duba. Ja ne, kamar na mai rai.

"An shaƙe ta ne?" na tambaya.

"Ka ga shatin yatsa a wuyanta?"

Babu. Ya ɗauki ɗaya daga cikin 'yan tsiryan, mai launin shuɗi, ya fita da ita waje, ya tsaga ta da 'yar wuƙarsa. Gero ne kawai a maƙoƙonta. Naman kuwa ja wur, fiye da yadda naman tsuntsu yake. Ya shinshina, ya goge wuƙar a ciyawa, ya mayar da ita aljihu.

"Mzee, ka yi mini magana mana."

"In na yi magana yanzu, kafin magariba ta zaga tsibirin da wutsiya. Wa ke gaba da ita?"

* * *

Nampijja ce maƙwabciyarta, katangar shuke-shuke ce kawai ta raba su. Mun same ta tana ɓare ɗanyar ayaba, ta san abin da ya kawo mu. A harshenmu Sebo ake ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Nyabo.

"Ku zauna, Sebo. Na san an riga an kai sunana. E, na ce zan zuba wa tsuntsayenta maganin ɓera. Na faɗa a bakin famfo, a gaban kowa, kuma in da tana da rai zan sake faɗa. Geron da take zubarwa ya tara mana ɓerayen duniya. Sun cinye mini kifin da na ƙyafe na mako biyu. Ga akun nan da ke kwaikwayon yadda nake kiran mijina, mutumin ya fito a guje, a yi ta dariya."

"Maganin yana ina, Nyabo?" in ji Wasajja.

Ta tashi ta ɗauko daga saman bango. Ƙulli ne a leda, gizo-gizo ya yi saƙa a kansa.

"Baki ne da ni, ba hannu ba. Matar nan ita ta ciro mini 'ya'ya huɗu."

"Yau kin gan ta?"

"Sau biyu. Da safe ta fita za ta coci, wajen bakwai da rabi, da sandarta. Ruwa ya sauko takwas. Can wajen tara sai ga ta ta dawo jiƙe sharkaf. Na ce, 'Jajja, an tashi ne?' Ta ce rafi ya cika, ba za ta iya ƙetarawa ba. Ta shige ɗaki, iska ta bugo ƙofar a bayanta. Ban sake jin motsinta ba."

"Tsuntsayen fa, kin ji su?"

Nampijja ta dakata da wuƙar a hannu.

"Ka ga kuwa, a'a. Shiru gidan yake. Har na ce yau Allah ya ji kukana." Ta sa gefen zane ta share ido. "Amma jiya Asabar na ga Kambale a bakin tagarta. Wannan da idona."

"Matar Kityo tana ina?"

"Nassolo? Tana asibiti a babban tsibiri tun Alhamis. Karo na uku ke nan bana. Yarinyar da aka kawo da ƙiba, yanzu in ta ɗebo ruwa sai ta huta sau biyar kafin ta hau tudun nan."

* * *

Kambale yana kwance a kan tarin koma. Idonsa ɗaya ya rufe, jini ya bushe a kunnensa na hagu har wuya. Da ya ji ƙarar makulli ya ja jiki ya shige lungu.

"Miƙo hannuwanka," in ji Wasajja.

Sai da ya maimaita da ƙarfi kafin ya ji. Yatsu biyu na hannun dama sun karye, sun kumbura. Wasajja ya juya hannuwan, ya duba tafi da baya, har gwiwar hannu.

"Me ka je yi tagarta jiya?"

"Kwakwa na kai mata, Mzee. Kowace Asabar nake kai wa. Ta akun ce. Ta taga nake miƙawa, don ba ya son ganina." Ya ɗaga babban yatsansa na hagu. Akwai tsohon tabo, fari, ya zagaye yatsan kamar zobe. "Shekara huɗu ke nan. Na sa hannu zan gyara masa ƙoƙon ruwa. Har ƙashi."

"Amma ka san yadda ake kama su."

"Na sani. Da bargo ake rufe shi, a cusa a buhu. Kuma sai an ji ihunsa daga nan har bakin ruwa, gashi ya cika ɗaki. Wancan tsuntsun, in ba tsohuwar ba ko wanda suka tashi tare, babu mai sa masa hannu ya koma da yatsunsa biyar." Ya juyo da idonsa mai gani wajena. "Shugaba, ita kaɗai ce a garin nan take ce mini ɗana. Me zan ci da mutuwarta?"

Na kasa haɗa ido da shi. Da muka fito na ce wa Wasajja, "Ai mai laifi ma ya iya kuka."

"Ya iya. Amma a ɗakin nan ka ga gashin aku ko ɗaya a ƙasa?"

Ban gani ba.

* * *

Kityo yana zaune a kan kututture a tsakar gida, maza na haɗa itacen wutar makoki a gabansa. Mutum ne mai shekara arba'in da 'yan kai, mai sanyin hali, gwanin gyaran koma. Shi kaɗai ya rage wa tsohuwar. Wasajja ya zauna kusa da shi, ya yi masa gaisuwa yadda ya kamata, sannan ya tambaye shi yaushe ya bar gida.

"Bakwai. Na riga Maama fita. Ina bakin ruwa har biyu da rabi."

"Da ka dawo, ƙofar a rufe take?"

"A rufe."

"Taga fa?"

"Ita ma. Ai ruwa aka yi."

"Yaya jikin mai ɗakinka?"

Kityo ya sunkuyar da kai yana murza tafin hannunsa.

"Ƙirji ne. Suna ba ta iska ta roba."

"Allah ya sawwaƙe. An gaya mata?"

"Ban iya ba tukuna."

Wasajja ya dafa kafaɗarsa ya miƙe. A hanya ya ce in same shi bayan gidan da zarar gari ya waye, kuma in zo da kwandon kaji da tsohon bargo.

* * *

Allah ya taimake mu ba a ƙara ruwa ba. Bayan gidan gonar ayaba ce, daga ita sai daji. Wasajja ya tsaya a ƙofar baya ya nuna ƙasa da sanda.

"Sawu biyu ne, ƙafa ɗaya. Takalmin roba, irin na kowane masunci, wannan ba zai gaya mana kome ba. Amma dubi wannan. Gefensa a tsaye yake, ruwa bai taɓa shi ba. Bayan an ɗauke ruwa aka yi shi. Mai shi yana sauri, ya buɗe ƙafafu, yana riƙe da abu nesa da jikinsa."

Sawun bai yi nisa ba. Ya tsaya a gindin wata ayaba, inda aka tara busassun ganye. Wasajja ya yaye su da sanda. Toka ce da guntayen gawayi, da tsummoki jajaye da aka cusa a ƙasa. Ya ciro zaren jiya daga aljihu ya ɗora a kai. Iri ɗaya ne.

"A ƙarƙashin teburin kejin akwai shatin ƙafafu uku a cikin dusa," ya ce. "Kurfoti ne. An cika shi da gawayi, an bari ya ruru har hayaƙi ya ƙare, aka tura shi bayan mayafi, aka toshe ƙofa da taga. Gawayin da ya ruru ba ya wari, Mukiibi. Na taɓa binne abokan aikina biyu da suka kwana da shi a bukka saboda sanyi. Leɓensu haka yake, ja."

Na dubi tokar, na dube shi.

"Wato ita aka..."

"Ita tana hanyar coci lokacin. Tsuntsayen aka nufa. Ta shigo ta tarar suna faɗuwa, ba ta san dalili ba, ta durƙusa tana tsince su a zane, hancinta daidai bakin teburin. Zo mu bi ɗaya sawun."

Wannan sawun kuwa, ɗigon ruwa ya huhhuda shi, da ƙyar nake ganinsa, amma da muka shiga ƙarƙashin manyan itatuwa ya fito sosai. Takun gajeru ne, a natse. Wasajja yana gaba yana magana kamar shi kaɗai.

"Ɓarawo ba ya tafiya haka. Wannan tafiyar mai ɗauke da jariri ce. Nan ya tsaya. Nan ya sunkuya sosai don ya wuce reshen nan, alhali reshen ya fi kansa tsawo. Akwai abu a kafaɗarsa."

Sai ya tsaya cak. Ya tsuguna ya ɗauko wani abu ya sa mini a tafin hannu. Ɓawon ɗan kwakwar manja ne, ruwan lemo, an yage shi tsiri-tsiri da baki mai kaifi. Taku goma a gaba ga wani. Gaba kaɗan ga ƙwallon, an gwaguye shi tas. Duk a hannun dama na sawun suke.

"Me ka gani?" ya tambaye ni.

"Aku ne ya ci."

"Yana tafe yana ci. Ba a buhu yake ba, ba a bargo ba. A zaune yake a kafaɗar mutum, a cikin ruwan sama, a dajin da bai taɓa shiga ba, ana miƙa masa kwakwa yana karɓa."

Na tuna abin da Kambale ya faɗa game da wanda suka tashi tare. Muka ci gaba.

Sawun ya kai mu wata tsohuwar bukkar ƙyafe kifi da aka daina amfani da ita. Kafin mu isa muka ji tari daga ciki, tarin mace, busasshe, mai tsawo, irin wanda ke ƙarewa da jan numfashi kamar ana zuƙar ruwa ta kara. Na san tarin nan. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gidan Jajja ya san shi. Na tura ƙofar ina kiran sunan Nassolo.

Gonza ne, a kan wata sanda da aka gitta masa. An ajiye masa ruwa a ƙoƙo da tulin kwakwa, an rufe rufin da ke yoyo da sabon ganyen ayaba. Ya dube mu da ido ɗaya, ya sake yin tarin.

* * *

Da muka dawo rana ta kusa take. Mutane sun cika gidan makokin, kuma Lubwama da mutanensa suna tsaye a bakin hanya suna jirana.

"Shugaba, ba mu ga jirgi ba."

"Za ku sami abin da kuke nema," na ce. "Ku kawo Kambale nan. Wanda ya taɓa shi a hanya, da ni zai yi."

Aka kawo shi, aka zaunar a ƙasa. Wasajja ya sa aka kira Nampijja, ya ce Kityo ya matso. Ya ajiye kwandon a tsakiya, ya yaye bargon. Mata suka ɗauki salati da kuka. Ya buɗe murfin da kan sanda, akun ya fito ya tsaya a baki, ya kumbura gashinsa.

"Nampijja, miƙa masa hannu."

"Ni? Allah ya kiyaye. Ka miƙa naka."

"Lubwama, kai ne jarumi. Bismilla."

Lubwama ya yi dariya ya miƙa. Bai kai ba tsuntsun ya kai masa sara, ya yi wata ƙara mai tsaga kunne. Lubwama ya ja baya yana yarfe yatsa, jini na ɗiga. Da aka matso da Kambale kuwa, akun ya ƙanƙance ido ya fara gurnani tun daga nesa.

Wasajja ya buɗe tafinsa, ya nuna wa taron ɓawon kwakwar. Ya faɗi inda ya tsince su, ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗi kurfotin, da tsummokin, da tokar da ke gindin ayaba. Bai ɗaga murya ba, bai kuma dubi kowa ba.

"Wanda ya fitar da tsuntsun nan bai sace shi ba," ya ce. "Tsirar da shi ya yi. Ya iya kashe goma sha takwas, amma ya kasa kashe wannan. Mutum biyu kaɗai yake hawa kafaɗarsu. Ɗaya tana ciki a kwance."

Akun ya sauko daga kwandon, ya taka ƙasa da tafiyarsa ta gwame, ya ratsa tsakanin ƙafafun mutane, ya kama wandon Kityo da baki ya hau, har kafaɗa. Ya sunkuyar da kai yana jira a sosa masa.

Kityo ya ɗaga hannu ya sosa masa.

"Likita ya nuna mini hoton huhunta," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Fari fat. Ya ce ƙurar gashin tsuntsaye ce. Ya ce in ta koma gidan nan, ba za ta ga wata shekarar ba. Na durƙusa wa Maama. Na ce mu gina musu ɗaki a waje, ta ce sanyi da muzuru za su kashe su. Na samo mai saye daga garin Masaka, ta kwanta a bakin ƙofa ta ce sai dai a taka ta. Ta ce in ɗauki matata in tafi. In tafi ina? In bar ta da wa, tana da shekara tamanin?" Ya dubi ƙofar ɗakin. "Na ce in ta dawo daga coci ta tarar sun mutu, za ta ce annoba ce. Za ta yi kuka mako ɗaya. Gonza kuma in ce ya tsere, in kai wa wani a kan tudu. Ban san rafi zai cika ba. Na rantse da Allah ban sani ba."

Wata tsohuwa ta faɗi ƙasa tana birgima. Nampijja ta toshe baki da hannu biyu.

"Na yarda ba ka sani ba," in ji Wasajja. "Uwarka ba ka nufe ta ba, wannan tsakaninka da Allah ne da alƙali. Amma jiya da aka ambaci sunan mutumin nan, kana tsaye. Da aka gangara da filafilai, kana ji. Ka kwana kana sane an ce yau za a jefa shi tafki. Wannan fa, rafi ne ya jawo?"

Kityo ya sauke hannu daga kan akun. Ya dubi Kambale sau ɗaya, ya zauna a ƙasa, ya sa kai tsakanin gwiwoyi.

Na zaci za su far masa, har na matsa na tsaya a gabansa. Babu wanda ya ɗaga hannu. Lubwama ya tsaya yana kallon yatsansa, waɗanda ke riƙe da filafilai suka riƙa jingine su a jikin katanga, suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

* * *

Jirgin 'yan sanda ya iso da la'asar. Sun bar Kityo ya zuba wa uwarsa ƙasa washegari kafin su tafi da shi. Shekara shida aka ba shi. Nassolo ba ta sake taka Bukuzzi ba, danginta suka ɗauke ta daga asibiti. Na ji an ce ƙirjin ya yi sauƙi. Akun kuwa, babu wanda ya yarda ya karɓe shi sai Nampijja, wadda har yau da tsinken itace take miƙa masa abinci tana zaginsa. An rufe gidan Jajja, ciyawa ta cinye ƙofar.

Yatsun Kambale sun haɗe a karkace, bai sake hawa kwakwa ba. Mun yi taro muka yanke shawarar ba shi fili da kwalekwale. Bai zo taron ba. Bayan wata biyu, wata safiya, aka ce mini an gan shi a bakin ruwa da ƙunshin kayansa, yana jiran jirgin da ke zuwa kan tudu.

Na same shi a zaune a kan wani kifaffen kwalekwale, yana kallon ruwa. Na tsaya a gefensa na cire hula. Na yi shekara goma sha ɗaya ina shugabanci, na iya magana a gaban jama'a, amma sai da na yi ta juya hular kafin bakina ya buɗe.

"Kambale, mun zalunce ka. Ni ma da na kulle ka, na yarda kai ne. Ka yafe mana."

Bai juyo ba. Na jira. Can ya waiwayo ya gan ni, kamar yanzu ya san ina wurin.

"Magana kake yi, Shugaba? Zagayo ta nan. Wannan kunnen ba ya ji tun ranar."

Na zagaya ta damansa. Na sake faɗa, tun daga farko, kalma bayan kalma, da ƙarfi yadda masu ɗaure kifi a bayanmu suka dakata suna saurare.

Ya dube ni har sai da na sauke ido. Mai jirgi ya buga ƙarfe yana kiran fasinja. Kambale ya ɗauki ƙunshinsa da hannun hagu, ya miƙe.

"Na ji," ya ce.

Ya shiga ruwa har gwiwa, ya hau jirgin, ya zauna ya ba tsibirin baya.